Wasiƙun da Na Ɓoye a Bayan Buhun Shinkafa

Sau huɗu na shiga aji ina yarinya, kuma duk huɗun ranar zuwan sufeto ne.

Ƙauyenmu yana can ƙurya, bayan rafi biyu. Da damina mota ba ta zuwa, da rani ma sai direba mai ƙarfin hali. Makarantar ɗaki biyu ce, malami ɗaya, shi ne hedimasta, shi ne mai kaɗa ƙararrawa. A rajistarsa sunaye fal, amma a kan benci yaran ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wasu suna gona, wasu suna kiwo, mu mata muna gida muna surfe da reno. Sai ranar da 'yan kasuwa suka dawo da labarin cewa sufeton makarantu zai shigo. Nan malam zai bi gida gida yana aron yara, kamar mai aron tabarmin biki. A wanke mu, a shafa mana mai har muna ƙyalli, a jera mu. Kowa a gaya masa sunan da zai amsa. Ni sunan wata yarinya nake amsawa wadda iyayenta suka daɗe da ƙaura. Sufeto ya zo ya kira suna, mu miƙe, ya leƙa allo, ya ci tuwo da kaza a gidan mai gari, a ɗaure masa zabi biyu a bayan babur, ya tafi. Kashegari kowa ya koma inda aka aro shi.

Kotu ma haka. Alƙali yana wani gari mai nisan yini guda a ƙafa. Ba mu taɓa ganinsa ba, masinjansa muka sani, mai keke da jakar fata. In ya shigo da sammaci sai duk garin ya zama bai san kowa ba. Wane? Ai ya tafi cin rani. Mutumin kuwa yana bayan rumbu a tsugune. Babanmu yakan ce takardar hukuma ba ta cizo sai ta shiga hannunka. Masinja ya gaji, ya sha fura, ya juya. Kafin ya sake zagayowa dattawa sun kashe maganar a zaure.

Da wannan na girma. Karatun Hausa sai bayan na yi aure na koye shi a ajin manya. Turanci kuwa babu, sai kunne. Kunne kam Allah Ya ba ni. In mutum yana magana, ko ban san kalma ɗaya ba, na san ko faɗa yake yi, ko roƙo, ko ƙarya.

Shekara uku ke nan da babbar 'yata ta ɗauko ni zuwa Greensboro, wani birni a ƙasar Turawa. Tana aiki a wani babban sito wajen titin Wendover, tana fita gari bai gama wayewa ba, ba ta dawowa sai la'asar sakaliya. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi kwana biyar shida a hanya. 'Yarsu ɗaya, shekararta takwas a lokacin. Aikina shi ne in tashe ta, ta yi wanka, ta karya, in raka ta bakin titi inda bas ɗin makaranta yake tsayawa.

Ni ba mai son fita ba ce, ko a gida ba a san ni da yawo ba. Amma ina son hira kamar me. A ƙauye ba sai ka fita ba, hira ce take zuwa ta same ka: mai aron turmi, mai neman wuta, mai kawo tsegumi. A nan kuwa da na dawo daga rakiyar bas na rufe ƙofa, shi ke nan, sai ni sai kukan firji. Ta taga ina ganin motoci suna wucewa kamar ruwa, babu wanda zai ce sannu.

Jikar tawa ita ce abokiyar hirata. Ina ce mata ƙawata, ita kuma ta ce min 'yar tsohuwa. In yi mata Hausa, ta mayar min rabi Hausa rabi Turanci, mu fahimci juna sarai.

Ranar farko da na hana ta zuwa makaranta, ruwan sanyi ake yi, irin mai shiga ƙashi. Na duba waje na ce, "Ƙawata, yau dai zauna. Wa zai fita cikin wannan?"

Ta ce, "Kaka, za a yi min faɗa."

Na ce, "Wa ya san ba kya nan? Yara nawa ne a makarantar?"

Muka yini muna soya ƙosai, ina ba ta tatsuniya. Uwarta ta dawo ta same ta a gida kamar kullum, tunda dama bas yana riga ta dawowa. Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba.

Ta biyu kitso ne, na fara da safe bai ƙare ba. Ta uku za a yi suna a gidan wasu mutanen masallacinmu, aka ba ni aikin masa, na ce ta taya ni juyi. Daga nan kuma ba na ma neman dalili. In na tashi na ji gidan zai yi min faɗi, sai in ce ƙawata yau hutu. Ba kullum ba, yau ɗaya, bayan mako ɗaya ko biyu a sake. Na kuma ja mata kunne kada ta ɗaga wa uwarta hankali da zancen. A raina makaranta wuri ne da ake cika shi ranar da hukuma za ta duba. In za a duba, ai za a sanar, sai in wanke ta in kai ta da kaina.

Wayar da ke hannuna tsohon layin 'yata ne, ta bar min shi da ta sayi sabo. Ashe shi ne a takardun makaranta. Duk ranar da yarinyar ba ta je ba, da yamma sai waya ta yi ƙara, in ji wata murya tana zuba Turanci, sunan jikata a tsakiya. Na gane muryar inji ce, don ba ta numfashi, ba ta jiran amsa. Sai in kashe.

Sai wasiƙa ta zo. Ni nake ɗauko wasiƙu daga akwatin da ke ƙasan bene, yawanci takardun talla ne. Wannan kuwa fara ce, da tambari a kusurwa. Yarinyar ta leƙa ta ce, "Kaka, daga makarantarmu ne."

Na juya ta, na sake juyawa. Sunan uwarta ne a jiki. Na ce a raina muddin ba ta shiga hannunta ba, ba ta iso ba. Na cusa ta bayan buhun shinkafa a ɗakin ajiya, inda ni kaɗai nake taɓawa. Ta biyu ta zo, ta bi 'yar'uwarta. Ta uku ma haka.

Wata Litinin da azahar na ji mukulli a ƙofa. 'Yata ce, da rigar aiki, ba lokacin dawowarta ba. Sa'a ɗaya ranar yarinyar tana makaranta. Ta gaishe ni a tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mama, kwana nawa?"

Na ce, "Na me?"

"Da kika hana ta zuwa makaranta."

"Ban ƙirga ba."

"Su sun ƙirga. Goma sha ɗaya. Babanta suka samu a waya yana kan hanya, shi ya kira ni."

Na ce, "To ai ga ta nan lafiya lau, me ya ragu a jikinta?"

Ta zauna a hannun kujera ta dafe kai. Ba ta ɗaga min murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ce a nan kullum da safe ana kiran suna, ana shigarwa a na'ura, kafin rana ta ɗaga ofis ya sani. Ta ce doka ce, in yaro ya tara kwanaki babu uzuri, ana iya kai iyayensa gaban alƙali. Kotun kuma ba ta da nisa, tana nan cikin gari kusa da tashar bas.

"Kuma ba ke za a kira ba, Mama. Sunana ne a takarda. Ni zan tsaya."

Ta ce sun ce sun aiko wasiƙu uku. Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Ba ta sake tambaya ba. Ta ce ranar Alhamis wata mata daga makarantar za ta zo gida, abin da ta rubuta shi za a kai wa shugabar makaranta, ita za ta yanke ko a wuce da maganar kotu.

A zuriyarmu babu macen da ta taɓa tsayawa gaban alƙali. Ga shi ni da aka kawo don in rage mata wahala, ni zan kai ta.

Kashegari na kira ƙanina a ƙauye, wanda ɗansa ne yanzu malamin makarantar tamu. Na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ai sufeto ne kawai. Har yanzu muna yi da su. Sai dai yanzu ba sa son ƙetare rafi, hoto suke cewa a turo. Mu tara yara, a ɗauke su a waya, a tura ofis, a sallame su. Ke dai ki dafa kaza, ki ƙulla mata wani abu. Yarinyar kuma ta ce zazzaɓi ta yi."

Hankalina ya ɗan kwanta, don wannan aiki ne da na iya. Na goge gidan har bayan kujeru. Na jiƙa shinkafar masa, na yanka kaza biyu daga firji. Na buɗe akwatina na fito da turmin atamfa da ban taɓa ɗinkawa ba, da turaren wuta, da ƙullin kilishi, na naɗe su a leda mai kyau. Na zaunar da yarinyar na koya mata: zazzaɓi, ciwon kai, tari. Na sa ta maimaita da Turanci har sau biyar.

A hawan da ke ƙasan namu a benen akwai wata ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Filato, muna ce mata Anti. Kirista ce, tana cikin mawaƙan cocinsu, Hausa a bakinta kamar ruwa. 'Yata ta roƙe ta ta zo ranar don ta riƙa fassara min. Ta hau ranar Laraba ta ga ledar.

"Mama, wannan fa? Lefe ake haɗawa?"

Na ce, "Na baƙuwa ne."

Ta riƙe haɓa. "Wallahi in kika miƙa mata wannan, ke da ita za ku tafi kotun tare, ni kuma in bi ku da abinci. Mayar da atamfarki akwati."

"To haka za ta tafi hannu rabbana? Ina mutunci?"

"Ruwa za ki ba ta. In ta sha, kin gode."

Na mayar da atamfar, amma ban sauke tukunya ba.

Ranar Alhamis bayan yarinyar ta dawo, matar ta iso. Na zaci zan ga mota mai tuta ko mai kaki. Sai ga wata baƙar fata mai matsakaicin shekaru, da 'yar jaka da tabarau a rataye a wuya. Ta ga takalma a bakin ƙofa, ta cire nata ba a ce mata ba. Ba ta dubi bayan kujerun da na goge ba, ba ta leƙa ko'ina ba. Ta zauna, ta karɓi ruwa, ta buɗe littafinta a cinya.

Ta fara da yarinyar, a hankali, tana murmushi. Na ji ta yi tambaya. Yarinyar ta dube ni, sannan ta dubi bango ta zubo abin da na koya mata, tiryan tiryan, da irin muryar injin nan da ke kirana da yamma. Ko ni da na koya mata ban yarda ba. Matar ta gyaɗa kai kawai. Ba ta rubuta komai ba. Ta ce wa yarinyar wani abu, yarinyar ta tashi ta shiga ɗaki.

Sai 'yata ta fara magana. Ban san kalmomin ba, amma muryar na sani. Ita ce muryar da take yi tun tana ƙarama in ƙanenta ya fasa tulu ta ce ita ce: a ƙasa ƙasa, da sauri, ba ta kallon mutum. Na ga alƙalamin matar ya fara tafiya.

Na zunguri Anti. "Me take cewa?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Na sake zungurar ta.

Ta ce a hankali, "Ta ce sakacinta ne. Ta ce ta san yarinyar tana zama a gida, ba ta rubuta wa makaranta ba. Wasiƙun ma ta ce ta gani, aiki ne ya sha kanta."

"Shi matar take rubutawa?"

"Shi."

Na tashi. Gwiwata ta yi ƙara, duk suka juyo. Na shiga ɗakin ajiya na janye buhun, na ɗauko su ukun. Ko buɗe su ba a yi ba, garin shinkafa ya yi musu fari. Na kawo na ajiye a kan tebur gaban matar.

'Yata ta ce, "Mama, don Allah zauna."

Na ce, "Ke yi shiru, ba da ke nake ba. Anti, gaya mata. Wannan yarinyar ba ta ga takardun nan ba sai yanzu. Ni na ɓoye su. Wayar da suke kira tana hannuna, ni nake kashewa. Ƙaramar kuma ba ta yi zazzaɓi ba, ni na koya mata ta faɗa."

Anti ta fassara. Matar ta ajiye alƙalami, ta sa tabarau, ta dube ni sosai. Ta yi tambaya gajera.

"Ta ce me ya sa, Mama?"

Na shirya amsoshi da yawa a makon nan, ruwan sama, sanyi, kitso. Babu wadda ta fito. Na ce, "Gaya mata gidan ne yake yi min shiru."

Anti ta ce, "Har da wannan zan faɗa?"

"Har da shi. Ki kuma gaya mata a garinmu ba a ƙirga kwanakin yaro, ban san a nan ana yi ba. In kotu za a je, ni ce mai laifi, ni za a kai."

Matar ta saurara har ƙarshe. Ta ja layi a kan abin da ta rubuta da farko, na gani da idona, ta buɗe sabon shafi. Sannan ta fito da wata takarda ta nuna min, Anti tana bayani. Karatun yarinyar ne. Da farkon shekara tana gaba, yanzu 'yan ajinsu sun wuce ta, don akwai darussan da aka yi ba ta nan, aka ɗora wasu a kansu. Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Ni a sanina abin da aka yi jiya a aji shi za a yi gobe.

Ta ce ba za ta yi min alkawari ba, don ba ita ke yankewa ba, kuma doka iyaye ta sani, ba kaka ba. Amma za ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Ta sa aka canza lambar waya nan take. Ta ce in yarinyar ba ta da lafiya da gaske, a rubuta 'yar takarda a ba malamarta, shi ke nan. Za a duba makonni masu zuwa a ga ko an sake fashi.

Da ta miƙe na ce wa Anti ta ce mata ga abinci. Ta dafa ƙirji ta ce ta gode, aikinta bai yarda ba. Na ce ko masa ɗaya, ai ba kaza ba ce. Ta yi dariya, ta ɗauki guda ta ci a tsaye tana saka takalmi. Ta tambayi sunan abincin, ta maimaita, bai fito daidai ba. Kazar kuwa Anti ce ta sauka da rabinta tana cewa Allah Ya ƙaro mana baƙi irin wannan.

Makonnin da suka biyo baya sun yi min tsawo. Kullum ina bakin titi kafin bas, ko ana ruwa ko ba a yi. Yarinyar ta gwada ni sau ɗaya, ta ce, "'Yar tsohuwa, yau ba hutu?" Na ce ta ɗauki jakarta kafin in ɗauki muciya. Duk wasiƙar da ta zo, har ta talla, a kan tebur nake jera ta. Surukina ya dawo daga hanya ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, bai ce uffan a kan zancen ba, wannan ya fi faɗa ciwo. 'Yata kuwa tana gaishe ni, tana tambayar ƙafata, tana kawo min magani, amma hira ta ɗauke. In waya ta yi ƙara sai in ga ta duba lambar kafin ta numfasa.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi shugabar makaranta ta kira 'yata. Ta nemi izini a wurin aiki ta tafi. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na tsince wake kwano guda wanda ba na buƙata.

Ta dawo wajen la'asar. Ina zaune a ƙasa ina cin ɗanwake. Ta ajiye jaka, ta wanke hannu, ta zauna kusa da ni a kan kafet da rigar aikinta, ta sa hannu a kwanona.

Ta ce, "An rufe maganar. Ba za a kai kotu ba. Za a riƙa yi mata ƙarin karatu bayan an tashi, sau biyu a mako."

Na ce alhamdulillahi, na sake cewa.

Muka ci gaba da ci. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Mama, shekara uku kina gidan nan. Ba ki taɓa ce min yana yi miki shiru ba. Sai baƙuwa kika gaya wa."

Na ce, "Kina dawowa ƙafarki a kumbure. In tare ki da me?"

Ta tura min yankin ƙwai da ya rage, na tura mata. Ta ce barkonon ya yi yawa. Na ce bakinta ne ya zama na Turawa. Daga nan ta fara ba ni labarin wata mata a wurin aikinsu da ke cin abincin mutane a firji, ta ce wai kuskure ne. Na ce ta bar ni da ita, in dafa mata wanda ba za ta sake kuskure ba. Muna nan zaune har muka ji ƙafar yarinyar a kan bene, babu wadda ta tashi ta ɗauke kwanon.